Zaƙulo Farashin Hatsi daga Saƙon Waya: Waiwaye daga Dakoro

Kafin wayar salula ta iso arewacin jihar Maraɗi, farashin hatsi a bakin direbobi da fatake yake tafiya. Wanda ya ci kasuwar Kornaka shi zai gaya wa mutanen Dakoro yadda tiya ta kwana, kuma kafin labarin ya kai Sakabal ko Bermo ya riga ya tsufa. Daga 2001 zuwa 2006 eriyoyin kamfanonin waya suka riƙa tsirowa a garuruwan Nijar ɗaya bayan ɗaya, sai tafiyar labari ta sake salo. Wata masaniyar tattalin arziki ƴar Amurka, Jenny Aker, ta bi sawun wannan canji kasuwa-kasuwa, ta wallafa a 2010 cewa zuwan salula ya rage tazarar farashin hatsi tsakanin kasuwannin ƙasar da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Wannan labari an sha ba da shi. Wanda ba a cika bayarwa ba shi ne na mutumin da ke zaune a ƙarshen layin, wanda saƙonnin ke taruwa a hannunsa, aka ce ya mai da su jadawali.

Ni na yi irin wannan zama a Dakoro, a wani ƙaramin shirin raya karkara mai kula da bankunan hatsi na ƙauyuka, daidai lokacin da daminar 2009 ta gaza. Waɗanda suka ga 2005, shekarar da likitocin MSF suka buɗe cibiyar kula da yara masu tamowa a garin, ba sai an yi musu bayanin abin da tashin tiya yake nufi ba. Kwamitin bankin hatsi yana son ya san ranar da zai buɗe sito ya sayar wa jama'a da rahusa. Makiyayi yana son ya san tiya nawa akuyarsa za ta kawo, kuma a 2010, da dabbobi suka yi ta faɗuwa a yankin Gadabeji, wannan lissafi ya wuce wasa. Don haka aka naɗa masu aiko da farashi a kasuwanni: malamin makaranta a nan, ɗan kwamiti a can, wani wurin kuma dillalin hatsi da kansa. Ranar kasuwa kowa ya turo saƙo. Nawa aikin shi ne in kwashe saƙonnin daga waya zuwa kwamfuta, in fitar da sunan kasuwa da nau'in amfanin gona da kuɗi.

Da harshen rubuta manhaja mai suna Lisp na yi wannan aiki. Ba zaɓensa na yi ba, tarar da shi na yi. Wanda ya riga ni a kujerar ya bar kwamfuta mai Linux, a cikinta akwai Emacs, manhajar gyaran rubutu da Richard Stallman ya fitar a 1985 ƙarƙashin shirin GNU. Intanet ɗin da muke samu a lokacin, ta ƴar na'urar da ake soka wa kwamfuta, da ƙyar yake buɗe wasiƙa, balle a sauko da wata manhaja ko littafi. Shi kuwa Emacs da littattafansa yake yawo a cikinsa, har da na Robert Chassell wanda aka rubuta musamman don waɗanda ba su taɓa rubuta manhaja ba. Ko babu layi, ko wuta ta ɗauke, muddin batir na da sauran numfashi to karatu bai tsaya ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum a Dakoro ya koyi harshen da John McCarthy ya ƙirƙira a jami'ar MIT a 1958, shekarar da aka shelanta Jamhuriyar Nijar. Ba ni ne farkon wanda ya haɗu da Lisp ta bayan gida ba: masu zanen taswirar gini da AutoCAD su ma da wani reshensa suke aiki, da yawa ba tare da sun san sunan kakansa ba.

Abin da ake zaƙulo guntun rubutu da shi kuwa shi ne rejeks. Wani gajeren zubi ne da kake rubutawa ka ce wa kwamfuta, nemo min duk inda rubutu ya yi kama da wannan. Asalinsa lissafi ne tsantsa, na Stephen Kleene a 1951, kafin Ken Thompson ya nuna a 1968 yadda za a sa shi aikin bincike cikin rubutu. Rariya ce: girman ramukan da ka huda shi ke yanke abin da zai faɗo da abin da zai tsaya, kuma rariya ba ta taɓa buɗe baki ta ce ga gari ya tafi cikin dusa ba. A Lisp na Emacs aikin hawa biyu ne. Umarnin string-match yana dubawa ko zubin ya dace da saƙon, sannan match-string ya ciro guntun da ka kewaye da baka. A ce saƙo ya zo haka: "Kornaka hatsi tiya 550 wake 700". Sabon shiga zai rubuta:

(string-match "hatsi.*\\([0-9]+\\)" saƙo)

(match-string 1 saƙo)

Ma'anarsa a zuciyar marubucin ita ce: nemo kalmar hatsi, tsallake abin da ya biyo baya, kawo min lambar. Amsar da kwamfuta ke bayarwa ita ce 0. Hatsi kyauta a Kornaka, a tsakiyar yunwa.

Dalilin ya cancanci a tsaya a kansa, domin wanda ya gane shi ya gane rabin rejeks. Ɗigo da tauraro suna nufin kowane irin harafi, komai yawansa, kuma tauraro haɗama gare shi. Ba ya tsayawa a lambar farko da ya gani. Yana haɗiye saƙon har ƙarshe, da 550 da wake da 700 duka, sai ya waiwayo ya ga sauran zubin na neman lamba aƙalla ɗaya, sai ya amayo harafi guda tak, wato sifirin ƙarshe na 700. Zubin ya dace, babu wanda ya karya doka. Gyaran kuwa ba ƙara wayo ba ne, rage izini ne: maimakon ka ce tsallake komai, sai ka ce tsallake duk abin da ba lamba ba, wato [^0-9]* a gurbin ɗigo da tauraro. Nan take 550 ta fito.

Kafin ma a kai ga wannan, sandunan nan masu jingina baya da ke cikin zubin sun riga sun wahalar da mutum. A rejeks na Emacs baka ba ta zama abin kewaye guntu sai an sa mata sanda a gaba. Amma Lisp shi ma yana karanta sanda a cikin rubutu da tasa ma'anar, yana cinye ta kafin rejeks ya gan ta, don haka dole a rubuta biyu don ɗaya ta tsira. Wanda ke neman ita sandar kanta a cikin saƙo sai ya jera huɗu. In ka sa ɗaya kurum, babu jan rubutu, babu ƙara, zubin zai tafi neman baka ta gaske a cikin saƙon, ya rasa, ya dawo maka da nil, wato babu. Haka wanda ya kwafo \d daga littafin harshen Perl yana zaton lamba yake nema, bai san Emacs bai san wannan gajartawa ba.

Akwai kuma na mantuwa. In ka rubuta match-string ba ka sake ambaton saƙon ba, umarnin ba ya ƙi. Yana ɗaukar lambobin wurin da aka samu, a ce daga harafi na 19 zuwa na 22, ya je ya yanko su daga shafin da ke buɗe a gabanka. Sai ka ga a gurbin farashin hatsi an kawo maka guntun umarnin da kai ka rubuta da hannunka. Wannan ba ya daɗewa, domin munin sakamakon a fili yake.

Mai daɗewa shi ne wanda sakamakonsa ke kama da gaskiya. Emacs wuri guda yake ajiye bayanin binciken ƙarshe, kuma kowane umarni mai bincike a nan yake rubuta nasa. In ka kira split-string tsakanin dubawa da cirowa, don ka tsaga wani abu dabam, ya goge maka naka ya sa nasa. Akwai save-match-data da aka tanada don kare wannan, amma sai wanda ya sha wuya yake zuwa nemansa. Mafi muni, in binciken bai dace ba kuma ba ka duba amsarsa ba, tsofaffin lambobin saƙon baya suna iya kasancewa a wurin, sai a yanka sabon saƙo da ma'aunin tsoho. Wani lokaci abin da ya fito shirme ne. Wani lokaci kuma lamba ce mai kyan gani, 50 ko 75, ta shige jadawali ta zauna cikin ƴan uwanta babu mai tuhumarta. Duk cikin abin da na koya a kan wannan aiki, babu wanda ya kai wannan nauyi: manhajar da ta tsaya ta yi kuka ta fi wadda ta wuce shiru, don haka sai na riƙa tilasta wa tawa ta tsaya.

Duk waɗannan na littafi ne, kuma littafin yana cikin kwamfutar. Da na gano re-builder, wanda ke shafa launi a kan abin da zubi ya kama tun kana cikin rubuta shi, sai wahalar sanduna ta ragu sosai. Da na gano rx, wanda ke barin mutum ya rubuta zubin da bakunan Lisp da kalmomi maimakon tarin alamomi, sai ta kusa ƙarewa. Na zaci an gama. Ashe mutanen Dakoro ba su fara ba tukuna.

Babu wanda ya taɓa turo "Kornaka hatsi tiya 550 wake 700" sau biyu iri ɗaya. Malamin makaranta da Faransanci yake rubutu: mil, sorgho, niébé. Ɗan kwamitin da ya yi ajin yaƙi da jahilci da Hausar boko yake yi. Na tsakiya kuwa, kuma su suka fi yawa, Hausa suke rubutawa da ƙa'idar Faransanci, waké da goudjia da daoua, kowa yadda kunnensa ya jiyo masa. Wani sai ya fara da sallama da gaisuwar iyali da ban gajiya, farashin ya zo a ƙarshen haruffa 160 ɗin da saƙo ke ɗauka, ko ya tsallaka saƙo na biyu. Wani ya sa kwanan wata a gaba, zubina ya ɗauki ranar wata a matsayin kuɗi. Wani ya rubuta "hatsi 1 tiya 550", farashi ya koma tamma ɗaya. Kuɗin buhu kuwa kowa da yadda yake raba dubbai, wannan da ɗigo, wancan da fili, sai 22 500 ta zama 22. Da na koya wa zubin ya yarda da fili tsakanin lambobi, sai ga wasu layuka da aka kwafo daga jadawalin kwamfuta mai saitin Faransanci suna ƙin shiga, alhali a ido babu bambanci. Sai da na ɗora alamar rubutu a kan filin na danna C-u C-x = sannan Emacs ya tona asiri: wani fili ne dabam, wanda ba ya barin a raba layi a kansa, mai lambarsa dabam a Unicode. Ko rajistar lambobin masu aikowa ba ta tsira ba, domin a 2006 lambobin wayar Nijar sun tashi daga shida zuwa takwas, tsofaffin takardu kuma suna ɗauke da iri biyun.

Haruffa masu lanƙwasa ba ta waya suka zo ba. Wayoyin lokacin ba su da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, kuma ko da suna da su, harafi ɗaya da ba ya cikin jerin da aka tanada wa saƙon waya ya isa ya rage saƙo daga haruffa 160 zuwa 70, wato ƙarin kuɗi. Ta jerin sunayen ƙauyuka suka shigo, wanda wani malamin yaƙi da jahilci ya buga da kyau bisa ƙa'idar rubutun da ma'aikatar ilimi ta tsayar a 1999. Zubin da kowane littafi ke koyarwa don kama kalma, wato [A-Za-z]+, haruffa 26 na Ingilishi kaɗai ya sani. Ka ba shi Ɗan Gulbi, ya tsallake Ɗ ya miƙo maka "an". Ka ba shi ƙauye ya ba ka "auye". Maganin gajere ne, [[:alpha:]], kuma Emacs 23 da ya fito a 2009 ya riga ya koma kan Unicode, don haka yana gane su. Sai dai ka san da matsalar tukuna, kuma babu littafin da na karanta da ya ambace ta, domin marubutansa ba su taɓa buƙatar rubuta ƙ ba. A kan wannan sai ga bambancin iyaka: mu a Nijar ƴ muke rubutawa, ƴan uwanmu na Katsina da Kano kuma y mai ɗauke da alamar ɗauri a gaba, ita alamar ma kala uku ce a kwamfuta, duk kamanninsu ɗaya.

Amma wanda ya sauya min tunani gaba ɗaya ba harafi ba ne. Wani dattijon dillali ne da saƙonsa kullum yake zuwa tsaf, gajere, zubina na kama shi babu gardama, sai dai hatsin kasuwarsa ya fi na ko'ina araha nesa ba kusa ba. Ana 550 a maƙwabta, shi yana rubuta 110. Na kira shi.

"Alhaji, barka da kasuwa. Ranka ya daɗe, wannan ɗari da goma da kake turowa, na tiya ne ko na rabin tiya?"

"Na tiya ne mana, yaro. Ɗari da goma."

"To ai ko'ina ɗari biyar da hamsin ake faɗa, Alhaji."

Ya yi dariya har da tari. "Kai ɗan lakwal, wa ka taɓa ji yana ƙirga hatsi da tamma?"

Da dala yake lissafi, kamar kowa a kasuwa. Dala tamma biyar ce, dala 110 kuwa 550 ke nan cif. Ni ma da na je sayen goro da dala nake ciniki, in ce dala ashirin in miƙa ɗari, in ce jika in miƙa dubu, amma da zarar na zauna gaban kwamfuta sai kaina ya koma na lakwal. Babu zubin da zai warware wannan, domin bayanin da ake buƙata ba ya cikin saƙon. Yana cikin sanin wanda ya aiko shi. Alhaji bai rubuta kalmar dala ba saboda a duniyarsa babu wani ma'aunin da za a rikita ta da shi, kuma shi ke da gaskiya: kasuwar tasa ce.

Daga nan na daina neman zubi guda da zai kama komai. Na koma tsaga saƙo kalma-kalma, in mai da shi jeri, wanda dama nan ne Lisp ya fi ƙarfi, in bi jerin ina tambayar kowace kalma ko sunan amfanin gona ce, ko ma'auni, ko lamba. Rejeks ya koma ƙananan ayyuka da yake iyawa da kyau. Na buɗe jadawalin masu aikowa, kowa da irin lissafinsa. Na sa iyaka: farashin da ya ninka na makon jiya ko ya faɗi ƙasa da rabinsa, kada ya shiga sai mutum ya gani. Kuma na ajiye wani kundi na duk saƙon da ya taɓa karya manhajar, tare da amsar da ta dace da shi, duk gyaran da na yi sai na sake bi da shi ta kan kundin gaba ɗaya, domin gyaran da ya shigar da saƙon malam sau da yawa shi ke fitar da na Alhaji. Daga baya na ji wannan dabara tana da suna da littattafai a wurin masu sana'ar. Saƙon da ya gagara kuwa, a ware shi gefe a kira mai shi. Kiran minti ɗaya ya fi daren zato.

Yau wannan aiki babu shi, aƙalla a wannan siffa. Abin da ya fara kashe shi fom ne. Manhajoji irin su ODK, wadda aka fara a jami'ar Washington a 2008, da KoboToolbox, sun sa kowane mai tattara bayani yana yawo da babbar waya mai gurabe: zaɓi kasuwa daga jeri, zaɓi amfanin gona, rubuta lamba. Bayanin yana isowa a tsare, babu gaisuwa, babu niébé da waké. Ba zan yi ƙaryar cewa wannan ba ci gaba ba ne. Abin da ke cin kwanaki ya koma na sa'a guda, kuma kurakurai da yawa sun mutu tun a tushe. Sai dai mutane kaɗan ne suka lura rejeks bai tafi ko'ina ba, wurin zama ya canza. A cikin waɗannan fom akwai gurbin sharaɗi, inda mai tsarawa ke rubuta zubi ya ce kada a karɓi amsar da ba ta dace da shi ba. A da rejeks yana can cikin gida, mutane su rubuta yadda suka ga dama, shi ya yi ta fama ya fahimce su. Yanzu yana bakin ƙofa, wanda bai rubuta yadda yake so ba ba ya shiga. Wahalar ba ta ɓace ba, an sauke ta daga kan mai manhaja an ɗora wa mai cikewa. In wanda ya tsara fom ɗin a Yamai ko a Turai ya sa [A-Za-z] a gurbin suna, to Ɗanladi sai ya koma Danladi kafin a yi masa rajista, kuma babu wanda zai kira wannan kuskure, tunda manhajar ba ta yi kuka ba. Gurbin farashi kuwa ba ya tambayar dala ko tamma. Yana karɓar 110 da hannu biyu.

Su kuma ƴan kasuwar sun bi wata hanyar. Tun da WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013, ya kuma bazu a nan bayan wayoyin zamani sun yi araha, dillali ba ya buƙatar malamin makaranta ya rubuta masa komai. Yana danna waya ya faɗi farashi da bakinsa, da dalarsa da jikarsa, abokin cinikinsa a Maraɗi ko Jibiya ya ji ya gane. Mafi ingancin labarin kasuwa a yau cikin murya yake, inda babu rubutun da zubi zai kama. Shekarun saƙon rubutu, waɗanda na ɗauka su ne makoma, ashe ɗan tsakani ne.

Sai kuma na baya-bayan nan. Tun da ChatGPT ya fito a watan Nuwamba na 2022, yaron da ke koyon manhaja ba ya kwana kan sanduna huɗu. Yana liƙa misalin saƙo, ya ce a rubuta masa zubi, a ba shi cikin daƙiƙa, har da bayani. Na ga wasu tsofaffin hannu suna ɓata rai da wannan, suna cewa wanda bai sha wuya ba bai koya ba. Ban bi su ba. Babu wata albarka a cikin ƙirga sanduna, kuma da na sami mai yi min wannan a 2010 da na yi masa godiya. Damuwata a wani wuri take. Zubin da aka ba yaron yana aiki a kan misalin da ya bayar, misalin kuwa kusan kullum mai tsabta ne, irin wanda shi ya ƙaga da kansa. Ba ya ganin lokacin da zubin ya gaza, saboda rejeks ba ya gazawa da ƙara. A da wahalar rubuta zubin tana tilasta maka ka zauna da saƙonnin, ka karanta su ɗaya-ɗaya har ka san hannun kowa. Yanzu babu abin da ke tilasta wannan zama, sai wanda ya ɗora wa kansa. Kada kuma a ɗauka wannan ciwon ƙananan ofisoshi ne: ranar 2 ga Yuli 2019 rejeks guda mai taurari masu haɗama ya durƙusar da na'urorin kamfanin Cloudflare na kusan rabin sa'a, shafukan intanet masu yawa a duniya suka ɗauke tare da shi. Ƙwararru ne suka rubuta shi.

Ko zan ce wa ɗalibi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi ya fara da Lisp? In aiki yake nema, a'a, ya kama Python, nan kasuwa take. Amma akwai abin da Lisp ya ba ni da ban raina ba: kana rubuta layi guda ka gwada shi nan take a kan saƙo guda, ka ga amsa, ka gyara, ka sake. Wannan ɗabi'a ta tambayar kwamfuta ƙaramar tambaya a ga abin da ta fahimta, maimakon a rubuta shafi goma a yi addu'a, tana bin mutum zuwa kowane harshe.

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. In da gaske ake, to rajistar makaranta da ta asibiti da fom na ƙidaya da na rabon taki duk za su fara karɓar rubutun Hausa, kuma a bayan kowane gurbi akwai wani zubi da wani matashi zai rubuta ko a rubuta masa. Ku da za a ba wannan aiki, kafin ku miƙa shi ku gwada gurbin suna da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, manya da ƙanana. Ku sa gurbin kuɗi ya tambayi dala ce ko tamma. Sannan ku ɗauki wayar ku kai wa dillalin hatsi a kasuwar Dakoro ya cike da hannunsa, ku tsaya a gefe ku ga inda za ta ƙi shi.